Daga Ina Doya Ke Samun Nauyinta? Taswirar Fahimta da Kwamfuta a Azuzuwan Lafiya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Agyaragu da kaka ya san irin doyar da ƙasar Nasarawa ke bayarwa. To a ɗauki guda ɗaya a shiga da ita ajin farko na babbar sakandare a cikin garin Lafiya, a tambayi yara: manomi ya binne irin da bai fi dunƙulen hannu ba a cikin kunya, bayan wata bakwai ko takwas ya tono abin da sai da hannu biyu ake ɗagawa. Wannan nauyi daga ina ya fito? Da wuya a rasa masu cewa daga ƙasa, ko daga taki. Masu ba da wannan amsa kuwa su ne dai yaran da a makon jiya suka rubuta, ba kuskuren harafi ko ɗaya, cewa tsiro yana haɗa abincinsa ne a ganye, daga ruwa da iskar kabon, da taimakon hasken rana. Malam ya ba su cikakken maki, su ma suka yi murna.

Ruɗanin ya tsufa, kuma ya taɓa kama manya. Wani likita a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya dasa reshen itace mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a cikin tukunyar da ya auna ƙasarta, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya cire itacen ya tarar ya haura kilo 76, ƙasar kuwa abin da ta ragu bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Ya gane cewa ba ƙasa itace ke ci ba, amma sai ya ɗora komai a kan ruwa, iska ba ta faɗo masa a rai ba. Yaron Lafiya ya fi shi gata, domin an riga an faɗa masa amsar. Matsalarsa ita ce abin da ya haddace a aji da abin da ya gani a gonar mahaifinsa suna zaune a kai ɗaya, ko gaisawa ba sa yi. Tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu ba ta tona wannan, domin ita haddar take nema, kuma haddar tana nan daram.

Neman hanyar leƙa abin da ke cikin kan yaro shi ya haifar da abin da za mu kira taswirar fahimta. A 1972, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Joseph Novak da ɗalibansa suna tsakiyar wani bincike na shekara 12, suna bin sawun yara tun daga ajin farko na firamare don su ga yadda fahimtarsu ta kimiyya ke canzawa. Sun tara hirarraki jingim, aka rubuce su a takarda, amma gano inda tunanin yaro ya sauya a cikin wannan tulin magana ya gagara. Sai suka fara tsamo manyan kalmomin da yaro ya yi amfani da su, su sa kowace a akwati, su ja layi tsakanin biyu, su rubuta a kan layin yadda yaron ya ce suna da alaƙa. Hirar shafuka da yawa ta koma shafi ɗaya. Daga baya suka lura cewa idan yaron ne da kansa ya zana, zanen yana koya masa wani abu. Littafin da Novak ya rubuta tare da Bob Gowin a 1984 kan koyon yadda ake koyo shi ya fitar da dabarar daga ɗakin bincike zuwa hannun malamai.

Tushen tunanin na David Ausubel ne, wanda a littattafansa na 1963 da 1968 ya dage cewa babu abin da ya kai abin da ɗalibi ya riga ya sani tasiri a kan abin da zai koya, don haka malami ya fara binciko wannan kafin ya buɗe baki. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sabon ilimi sai ya sami tsohon da zai maƙale wa, in bai samu ba ya tsaya shi kaɗai har ranar jarrabawa, daga nan ya kama gabansa.

Yadda ake yin taswirar ba wuya. A sama a rubuta tambayar da ake son amsawa. A jera kalmomin da suka shafi batun a gefe, kamar 15 zuwa 25, misali doya, ganye, saiwa, ƙasa, taki, ruwa, iskar kabon, hasken rana, sukari, sitaci. A ɗora masu faɗi a sama, ƙanana a ƙasa. Sannan a zo ga aikin gaske, wato haɗa su. Dokar da ba a karyawa ita ce kowane layi sai an rubuta masa kalmar haɗi, ta yadda akwati da layi da akwati za su karantu a matsayin jumla mai ma'ana wadda za a iya gaskatawa ko a ƙaryata. Ganye yana shaƙar iskar kabon. Ganye yana haɗa sukari. Sukari yana gangarawa zuwa doya. Doya tana adana shi a matsayin sitaci. Saiwa tana tsotsar ruwa da ma'adinai daga ƙasa.

A nan ne asiri ke tonuwa. Yaron da ya ja layi daga ƙasa zuwa doya ya rubuta "tana ciyar da" ya nuna wa malam ainihin inda gizo ke saƙar, kuma ya nuna shi a cikin kalma uku. Wanda ya ja layin ya bar shi ba rubutu, ko ya rubuta "tana da alaƙa da", ya faɗa wa malam cewa ya san abubuwan biyu maƙwabta ne amma bai san me ke tsakaninsu ba. Novak da Gowin sun ba da tsarin maki da ke nuna abin da suka fi darajantawa: maki 1 ga kowace jumla ingantacciya, maki 5 ga kowane mataki daga sama zuwa ƙasa, maki 10 kuma ga layin da ya tsallaka daga wani reshe zuwa wani reshe daban. Yarinyar da ta haɗa "taki" da "ganye" ta rubuta cewa sinadarin naitirojin da ke cikinsa yana sa ganye ya yi kore ya yi faɗi, saboda haka ya kama hasken rana da yawa, ta warware rikicin gona da aji da kanta. Mahaifinta bai yi ƙarya ba da ya ce taki na sa doya ta yi girma. Hanyar da takin yake bi ce ba a taɓa nuna mata ba.

Wanda ya zauna gaban malamin zaure ba zai ga wannan baƙon abu ba gaba ɗaya. Karatun fiƙihu da nahawu cike yake da rabe-rabe: ruwa iri-iri da hukuncin kowanne, farillai da sunnoni da mustahabbai, kalma ta kasu uku kowane kashi ya sake rabuwa. Masu ilimin rabon gado sun daɗe suna zana jadawali, masu tarihi suna zana bishiyar salsala. Abdurrahman al-Ahlari ma, wanda ɗan littafinsa na ibada ke hannun kusan kowane almajiri a ƙasar Hausa, shi ne mai Sullam, littafin manɗiƙi da ke koyar da jinsi da nau'i da abin da ke bambanta su. Sai dai bishiyar rabe-rabe dangantaka ɗaya take nunawa, wato wannan reshen wancan ne. Taswirar fahimta tana tilasta wa mai zane ya faɗi dangantaka iri-iri: wannan yana haifar da wancan, yana hana shi, yana ƙaruwa in wancan ya ragu. Kimiyya kuwa galibinta a irin waɗannan jumloli take.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fara gwada dabarar da gaske. Farfesa Peter Okebukola na Jami'ar Jihar Legas, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ya buga bincike a 1990 a wata babbar mujallar koyar da kimiyya ta Amurka, inda ya nuna ɗaliban da suka yi amfani da taswira sun fi takwarorinsu fahimtar ilimin gadon halitta da na muhalli. A shekarar dai, shi da Farfesa Olugbemiro Jegede, wanda ya zama shugaban farko na jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da wani abokin aikinsu, sun ba da rahoton cewa taswirar tana rage fargabar da ɗalibai ke yi wa darasin Bayoloji. Duk wannan da fensir da takarda aka yi shi. A 2006 kuma John Nesbit da Olusola Adesope suka tattara bincike 55 da suka ƙunshi ɗalibai 5,818, suka ga amfanin dabarar ya ratsa darussa da matakan karatu daban-daban. Da aka sake faɗaɗa wannan aiki a 2018, sai wani abu ya fito fili: ɗalibin da ya gina taswira da hannunsa ya fi amfana a kan wanda aka miƙa wa ginanniya ya karanta.

To in takarda ta isa, me kwamfuta ta zo yi? Amsar ta fi ƙanƙanta a kan abin da 'yan kasuwar na'ura ke faɗa, amma tana da nauyi. Taswirar farko ba ta taɓa yin daidai. Sai an matsar da akwati, an goge kalmar haɗi, an gano cewa abin da aka sa a ƙasa a sama ya kamata ya zauna. A takarda, gyara na uku ya mai da shafin kaca-kaca, yaro kuma ba zai yarda ya sake zanawa daga farko ba, sai ya bar kuskuren a inda yake. A manhaja, ja kawai zai yi, akwatin ya taho da layukansa duka. Gyara ya yi arha, kuma a wajen gyaran ne ake koyo.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce CmapTools, wadda cibiyar IHMC da ke Pensacola a jihar Florida ta ƙera a ƙarƙashin jagorancin Alberto Cañas, ɗan asalin ƙasar Kosta Rika, tare da shi Novak ɗin. Kyauta ake sauke ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta buƙatar intanet don a zana a ajiye. Da ka ja kibiya daga akwati zuwa akwati sai ta buɗe gurbi a tsakiya tana jiran kalmar haɗi, kamar tana cewa ba ka gama ba tukuna. Ana iya liƙa wa akwati hoto ko bidiyo ko wata taswirar, ta yadda akwatin "riɗi" zai buɗe hoton gonar riɗi da ɗalibi ya ɗauka da waya a hanyar Doma. Tana kuma da wani sashe da ke naɗar yadda aka gina taswira mataki-mataki, malam ya sake kallo daga baya ya ga inda ɗalibai suka yi jinkiri da inda suka sauya ra'ayi. Ƙasar Panama ta gina wani babban shiri a makarantun firamarenta a kan wannan manhaja a 2005, kuma da horar da malamai ta fara. Ɗaya daga darussan da Cañas da abokan aikinsa suka jaddada shi ne siffar tambayar da ke sama ita ke yanke irin taswirar da za a samu. "Mene ne tsiro?" jerin sassa take haifarwa. "Me zai faru da doya in aka tsige rabin ganyenta?" dole sai an yi bayani.

Akwai tarko a nan ga mai neman manhaja a wayarsa. Galibin abin da zai ci karo da su, irin su XMind da MindMeister, an gina su ne a kan wata dabarar daban, wadda Tony Buzan ya yayata a talabijin ɗin BBC a 1974: kalma ɗaya a tsakiya, rassa masu launi suna fita ta ko'ina, ba dole a rubuta komai a kan layi ba. Tana da kyau wajen tattara tunani kafin rubuta insha'i. Amma da ita yaro zai iya jera ƙasa da taki da ganye da rana a kewayen doya, zanen ya yi kyau a ido, kuskurensa kuma ya ɓuya lafiya lau. Malamin da bai sami CmapTools ba zai iya amfani da draw.io, ita ma kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, muddin shi ya tsaya kai da fata cewa layi marar rubutu ba ya cin maki.

Ba kowa ya yarda da girman dabarar ba, kuma masu ja suna da hujja. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue sun buga wani gwaji a mujallar Science. Ɗalibai sun karanta wani nassi na kimiyya, wasu suka zana taswira nassin na buɗe a gabansu, wasu kuma aka karɓe nassin aka ce su rubuto duk abin da suka tuna, su sake dubawa, su sake rubutowa. Bayan mako ɗaya masu tunowa da ka suka fi masu taswira, har a tambayoyin da ke buƙatar tunani. Magoya bayan taswira sun mayar da martani cewa ba a koya wa ɗaliban zanen yadda ya kamata ba. Amma abin da ya fi amfani ga malami shi ne aikin da Blunt da Karpicke suka biyo da shi a 2014, inda suka sa ɗalibai su zana taswirar da ka, littafi a rufe, sai ta yi aiki daidai da rubutun tunowa. Ashe buɗaɗɗen littafin ne illar. Mutumin da ya taso a inda ake wanke allo sai an bayar da hadda ba zai yi mamaki ba. A ganina wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowanne: a rufe littafi a zana, sannan a buɗe a gyara da wani launi.

Yanzu a dawo gida. Tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba da aka ƙaddamar a 2022 ta sauƙaƙa wa Lafiya wani ɓangare na duhun da ta daɗe a ciki, amma wuta a gari daban, soket mai aiki a aji daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a sakandare, kuma malaman makarantun gwamnati sun san inda lissafin ke tsayawa. Mun kuma ga ƙarshen raba na'ura ba tare da shiri ba. An kai kwamfutocin shirin nan na kowane yaro da tasa makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, Jihar Osun ta raba ƙananan kwamfutocin hannu na Opon Imo a 2013, kuma binciken da aka yi a Peru, ƙasar da ta sayi irin waɗancan kwamfutoci da yawa, bai ga ƙaruwa a lissafi ko karatun yara ba. Don haka duk wanda ya ce sai kowane ɗalibi ya sami kwamfuta kafin a fara, ya ɗage maganar ne zuwa ranar da ba ta zuwa.

Abin da zai yiwu a makarantar Tudun Gwandara ko Shabu ko Bukan Sidi ya fi haka sauƙi. A yanka tsohon kwali a rubuta kalmomin, a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya shimfiɗa nasa a ƙasa ko a benci ya ja layuka da alli. Gutsuren kwali yana matsawa kamar yadda akwatin manhaja ke matsawa. Musun da za a yi a kan kalmar da za a sa tsakanin "rana" da "ganye" shi ne darasin, kuma malam ya bar shi ya ɗan yi zafi. Sannan kwamfuta ɗaya, ta malam ko ta ɗakin na'urar makaranta, ta karɓi taswirar da aji ya amince da ita. In akwai majigi a haska ta, in babu a mai da ita hoto a tura ta WhatsApp ko a buga a manna a bango. Bayan mako uku, idan an shiga darasin numfashin tsiro ko na sarƙar abinci, a sake buɗe ta a ƙara mata reshe. Wannan ci gaba daga zango zuwa zango shi ne abin da allo ba zai iya ba, domin malamin lissafi na shigowa zai goge shi.

Sai batun harshe, wanda a Lafiya ba ƙaramin batu ba ne. A aji ɗaya za ka sami ɗan Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Babarbare da Bafillace, Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, Turanci kuma a takardar jarrabawa. Sunayen abubuwa na Turanci ba su cika ba yara wuya ba, haddace su ake yi. Inda suke tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomin da ke nuna sababi da sharaɗi da akasi, kuma su ne daidai abin da ake rubutawa a kan layi. Ban ga aibu ba a bar akwatunan da Turanci, a ƙyale rukuni ya fara rubuta kalmomin haɗi da Hausa ko da harshen da suka fi sakewa a ciki, sannan a zauna tare a mai da su Turanci. Ta haka malam zai bambance yaron da bai gane kimiyyar ba da wanda ya gane amma Turanci ya riƙe masa harshe. A takardar jarrabawa su biyun sifili ɗaya suke samu, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne.

Haɗarin da na fi jin tsoro daga wajen malamai zai fito, kuma da kyakkyawar niyya. Malam zai zauna da dare ya tsara taswira mai kyau, ko ya sa ChatGPT ya jero masa ita cikin daƙiƙa kaɗan, da safe ya ce a kwafa. Yara za su kwafe ta da akwatunanta da kibiyoyinta, su haddace, su zuba a jarrabawa. An sauya wa rubutun allo riga ne kawai. Novak da Cañas sun ba da matsakaiciyar hanya ga batu mai wuya: malam ya kafa ƙashin bayan taswirar, akwati biyar ko shida na sama, ya bar sauran kalmomin a gefe ɗalibai su nemar musu mazauni.

Wurin da ya kamata a fara shi ne inda ake yin malaman: Kwalejin Ilimi ta Akwanga, Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011. Ba sabon kwas ake buƙata ba. Kafin ɗalibin malanta ya fita koyarwar gwaji, a ce ya kawo taswirar darasin da zai koyar tare da takardar shirin darasinsa, ya zana ta a gaban mai duba shi, littafi a rufe. Kwata ɗaya ta isa a gane ko shi kansa ya san abin da ke tsakanin taki da nauyin doya, ko tsakanin hauhawar farashi da darajar Naira, ko tsakanin dutsen litiyam da ake haƙa a jihar da batirin wayar da ke aljihunsa. Waɗannan makarantu suna da ɗakunan kwamfuta, manhajar kuma ba ta cin ko sisi. Abin da zai ci kuɗi shi ne lokacin mai dubawa, domin karanta taswira 60 layi bayan layi ya fi duba amsar zaɓi 60 cin rai nesa ba kusa ba, kuma wannan lokacin sai an sa shi a jadawalin aiki an biya shi.